Zuwa ga Bakanon da Ya Gano Numfashi

Alhaji Ba-Asara, mai bakin da ba ya zuwa hutu ko ranar Sallah. Labarinka ya riga ka isowa Zariya, kuma kai ka aiko shi da bakinka, don ba ka taɓa barin wani ya ci ribar yaɗa zancenka ba. An ce wai ka gano numfashi. Shekara hamsin da 'yan kai kana shaƙar iskar Allah kyauta ba ka ce uffan ba, sai da wata Baturiya a cikin waya ta ce maka ja, riƙe, saki, kana biyan ta dala duk wata, sannan ka yarda akwai hanci a fuskarka. Ni ban yi mamaki ba. Bakano bai taɓa ganin darajar abin da ba a sa wa farashi ba.

Kada ka ce baƙin ciki nake yi. Wallahi da na ji likita ya auna ka ya ce jini ya hau, sai da gabana ya faɗi, don in ka tafi wa zan zaga? Kanawa suna da yawa, amma irinka mai saurin hawa da saurin sauka ba a kowace unguwa ake samu ba. Da na ji kuma 'yarka ta ɗakin Hajiya, wadda ke karatun likita a waje, ta yi maka rajistar ajin zaman natsuwa na mako takwas ta intanet, na sa mata albarka. Yarinyar ta san ciwon ubanta. Abin da ba ta hango ba shi ne, duk maganin da aka ba Bakano ya sha, sai ya buɗe masa shago.

Ga shi kuwa, ba a gama mako na uku ba ka zama shehi. Ka sayi matashin zama mai zagaye, ka ɗaura agogo mai ƙirga bugun zuciya, ka sa an kawo maka wata tasar tagulla da ake bugawa ta yi ta kuka ita kaɗai. Yaran kantinka na Kwari sun ce in mai saye ya taya shadda a wulaƙance, ka daina zaginsa nan take. Yanzu sai ka lumshe ido, ka ja numfashi uku, sannan ka zage shi. Na yarda, ci gaba ne. Zaurenmu na WhatsApp kuwa ya shiga uku. Kullum bayan asuba sai ga saƙon muryarka na minti goma sha ɗaya a kan fa'idar yin shiru.

Tunda kana gaya wa mutane wai sirrin waliyyan tsaunin Himalaya aka buɗe maka, bari Bazazzage ya yi maka abin da muka saba yi muku tun kaka da kakanni, wato karatu. Ajin nan da kake shiga, a asibitin Jami'ar Massachusetts aka haife shi, a garin Worcester na Amurka, shekarar 1979. Wanda ya fara shi, Jon Kabat-Zinn, masanin ƙwayoyin halitta ne mai digirin digirgir daga MIT, wanda kuma ya zauna gaban malaman addinin Buddha ya koyi zama. Ya duba ya ga asibiti cike da mutanen da likitoci suka ƙure dabara a kansu: mai ciwon baya na shekara da shekaru, mai ciwon kan da ba ya jin magani, mai fargabar da ta hana shi sakat. Ya ce a turo masa su. Ya ɗauki dabarar zaman ya tuɓe mata rigar addini, ya yanka ta mako takwas, a haɗu sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, kowa kuma ya yi minti 45 a gida kusan kullum. Bai yi wa kowa alkawarin waraka ba. Abin da ya nema, mai ciwo ya koyi zama da ciwonsa ba tare da ya ɗora masa tsoro da lissafin gobe ba. Ka riƙe wannan minti 45 ɗin, Alhaji, don Hajiya ta ce naka goma ne, biyu daga ciki kuma na leƙen agogo ne ka ga ko zuciyar ta sauka.

Darasin farko na ajin zabibi ne, ƙwaya ɗaya tak. Wannan da idona na gani a falonka, ba labari aka ba ni ba. Ka ɗora shi a tafin hannu ka tsura masa ido. Ka juya shi, ka ɗaga shi wajen hasken taga kana ƙirga tamojinsa, ka shinshina, ka kai shi kunne ka murza wai kana saurare. Ka sa a harshe ka ƙi taunawa, ido a rufe, gemu na rawa. Da ka zo taunawar ma, ka yi ta a hankali har na ɗauka haƙori ke damunka. Can ka buɗe ido ka ce mini, “Bazazzage, yau na san zabibi.” Na ce madalla. Ba a yi minti biyar ba aka shigo da faranti, gurasa da balangu, an barbaɗe da ƙuli da yaji, albasa a kai. Ban ga ka kai ko yanka ɗaya kunne ba. Kafin in gama wanke hannu ka share rabi, waya a kunnen hagu, kana yi wa wani a Legas rantsuwar kwantena ta taso. To abin da darasin yake son nuna maka ke nan, cewa yawancin abin da mutum yake ci bai ma san ya ci ba. Kai ka ba zabibi haƙƙinsa, ka zalunci rago.

Sai darasin da ake kwanciya rigingine a bi jiki da hankali gaɓa-gaɓa, a faro daga yatsun ƙafar hagu a hau sannu har tsakar kai, ana lura da abin da ke kowane wuri, zafi ne, sanyi ne, tsami ne, ko ba komai. Hajiya ta rantse ba ka taɓa wuce gwiwa ba. Daga idon sawu ake fara jin munshari kamar injin markaɗen unguwa, Baturiya tana can tana cewa a lura da kafaɗa, ita kaɗai a ɗaki. Ka farka ka ce wai ka shiga wani hali mai zurfi da baki ba zai iya faɗa ba. Mu a Zariya barci muke ce masa. Ban ga laifinka sosai ba dai. Masu koyar da abin sun san ɗalibai na sulalewa a nan, shi ya sa suke cewa mai gyangyaɗi ya buɗe ido ko ya tashi zaune. Kuma ga mutumin da ke kaiwa ƙarfe ɗayan dare yana lissafin canjin dala, barcin ma riba ne.

Ka yi mini ƙorafi cewa hankalinka ba ya tsayawa, ka bi numfashi na ɗaya da na biyu, na uku sai ka tsinci kanka a Gwanzu kana ciniki da ɗan Sin. Kwantar da hankalinka, ciwon na kowa ne. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta barkatai: me kake yi yanzu, kuma ina hankalinka yake? Suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, gangar jiki na nan hankali na can, kuma mutane sun fi rashin walwala in ya tafi yawon. Sa'arsu ɗaya ba su sa Bakano a ciki ba, da lissafin ya watse. Masu zaman da suka daɗe a kai sun ce tafiyar hankali ba abin kunya ba ce. Aikin duka shi ne ka lura ya tafi, ka dawo da shi ba da faɗa ba, ya sake tafiya ka sake dawo da shi, sau ɗari in ta kama. Kai da ka shekara bakwai kana bin wani Ba'agadashe bashin atamfa ba ka gaji ba, wannan bai kamata ya gagare ka ba.

Akwai wani gwajin da tun da na karanta shi nake tuna ka. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Bajiniya da abokan aikinsa suka riƙa sa mutum a ɗaki shi kaɗai na minti 15, ba waya, ba littafi, daga shi sai tunaninsa, sai kuma wani maɓalli da in ya danna lantarki zai ja shi. An ɗanɗana musu jan tun farko, sun ce gara su biya kuɗi da a sake yi musu. Da aka rufe ƙofa shiru ya yi shiru, maza 12 cikin 18 suka danna, mata kuwa 6 cikin 24. Mutum ɗaya ya danna sau 190, har sai da aka cire shi daga lissafi don kada ya ɓata na sauran. Ba su faɗi garinsu ba, amma na daɗe ina zargin ɗan Fagge ne.

Yanzu mu zo kan manyan da'awoyinka, don a majalisar yamma an ce ka sanar da jama'a cewa ƙwaƙwalwarka ta ƙara girma, har hula ta fara matse ka. Ba daga sama ka tsinci zancen ba, na sani. A 2011 an yi wani ƙaramin bincike a kan mutum 16 da suka gama ajin mako takwas, aka ce an ga wasu sassan ƙwaƙwalwarsu sun ƙara kauri, jaridun duniya suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Amma a 2022 ɗakin binciken Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya sake aunawa da mutum sama da 200, da tsari mai tsauri, bai ga wani canji a ginin ƙwaƙwalwa ba. Davidson ɗin nan shi kansa mai zama ne, aminin Dalai Lama, wanda da sakamakon ya fito akasin haka ya fi kowa murna, amma ya buga abin da ya gani. Irin wannan ɗan kasuwar da zai ce maka hajarsa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, ka taɓa gamuwa da shi a layinku? Hular kuwa, mai wanki ne ya sa ta a ruwan zafi.

Ɗakin binciken nan dai ya taɓa ganin abin mamaki na gaske. A 2004 sun manna wayoyin auna lantarkin ƙwaƙwalwa a kan mutum takwas da suka daɗe a tafarkin Buddha na Tibet, suka ce su shiga zaman tausayin halitta, sai ga wani bugu mai sauri da ƙarfi da tsari wanda ba a gani a kan sababbin shiga ba. Ɗaya daga cikin masu aikin, Matthieu Ricard, Bafaranshe ne da ya bar kimiyya ya koma zaman tsauni, shi ne jaridu suka laƙaba wa mutumin da ya fi kowa farin ciki a duniya, laƙabin da shi kansa yake cewa shirme ne. Sai dai ka tambayi jarin da suka zuba. Mai ƙaramin rabo a cikinsu ya yi awa 10,000 a zaune, na sama ya kai 50,000. Ɗauko kalkuletarka ta kanti, wadda lambobinta suka goge. A minti goma kullum, kafin ka cimma mai ƙaramin rabon nan sai ka yi shekara 164, ba fashi, ba zuwa Dubai, ba ranar ɗaurin aure.

Abin da ka faɗa mini ta waya ran nan kuwa, na yi ta juya shi, kuma zan ba ka naka. Ka ce akwai ranar da fushi ya taso maka kana zaune, sai ka gan shi yana tasowa, ƙirji ya ɗau zafi, muƙamuƙi ya ɗaure, ka tsaya kana kallo har ya sauka ba ka bi shi ba. Ka ce ashe mutum daban, tunaninsa daban. Wannan magana ce, Alhaji. Masu zama a ko'ina suna ba da labarin irinta, kuma in wannan kaɗai ka samu a mako takwas, kuɗin yarinya bai faɗi ba. Da ka tsaya nan da na cire maka hula. Ina! Washegari sai ga saƙon murya wai ka gane asalin hankali, wai duniya duka farkawa ɗaya ce, mu ne dai ba mu waye ba.

Sannu, mai gani har hanji. A 1998 wasu manya biyu suka ci caca a kan wannan batu: Christof Koch, masanin ƙwaƙwalwa, da David Chalmers, masanin falsafa. Koch ya ce cikin shekara 25 za a gano takamaiman abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya san yana sane, Chalmers ya ce ba za a gano ba. A 2023, a birnin New York, gaban jama'a, Koch ya amsa an kayar da shi ya miƙa akwatin giyar da suka sa. Mutane da injinan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na miliyoyin daloli sun shekara 25 sun dawo hannu rabbana, kai a kan matashin zama ka warware ta tsakanin la'asar da magariba. Mu da aka gaya wa tun a makarantar allo cewa ilimin da aka ba ɗan Adam a kan ruhi kaɗan ne, ba mu tashi da mamaki ba. Ku ne dai kullum sai kun ce an fi kowa.

To matso kusa, Ba-Asara. Wannan da bakin wasa zan faɗe ta, amma ka ji ta da kunnen gaske. Hajiya ta tsinci kwalin maganin hawan jininka a aljihun mota, ko ɓallewa ba a yi ba. Da ta yi magana ka ce mata wai kai yanzu lafiya ta gaba ɗaya kake nema, jiki da zuciya da ruhi, wai ƙwaya ganye take tsinka ta bar saiwa. Wa ya koya maka wannan? Ba Kabat-Zinn ba dai, don shi a cikin asibiti ya buɗe ajinsa, likitoci ke turo masa mutane, suna shan maganinsu suna zuwa. A 2014 masana na Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 3,515, suka tace. Abin da ya rage a rariya shi ne, zaman yana rage fargaba da ƙuncin rai da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, kuma ba su ga shaidar ya fi magani ko motsa jiki ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba nata a 2017, ta ce ana iya haɗa shi da magani da gyaran ci da sha, amma bai maye gurbinsu ba. Don kada ka ce na rage maka mudu, a 2022 wani gwaji a kan mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna ajin mako takwas ya yi kafaɗa da kafaɗa da wata ƙwaya da ake ba irinsu. Fargaba ke nan. Kai naka jini ne, shi kuwa ba ya sallama. Mutum yana cewa garau yake ji, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Ka san waɗanda muka kai asibiti a haka, ba sai na kira suna ba.

Kuma in lafiyar gaba ɗaya kake so da gaske, ai ba a kan matashi ta ƙare ba. Gishirin da kake ƙarawa kafin ka ɗanɗana miya yana ciki. Ɗanɗanon dunƙule huɗu a tukunya ɗaya yana ciki. Motar da kake shiga daga ƙofar gida zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa ba lasifika, ita ma tana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1948 ta sa zaman lafiya da mutane cikin ma'anar lafiya, to a nan ma akwai bashi a kanka. Gidanka ya koma na makoki daga ƙarfe shida zuwa shida da minti goma: a kashe rediyo, a daina daka, a toshe bakin jariri, Alhaji zai natsu. Ranar da kake zaman yi wa dukkan halitta fatan alheri, wanda ake farawa da kai, a je ga masoyi, a ƙare da maƙiyi, jikanka ya buga ƙwallo a ƙofar ɗakin. An ce ka fito da takalmi a hannu. Halittun duniya kaf sun samu rabonsu ran nan, ban da yaro ɗan shekara biyar.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan sabon labarin da na ji. Wai tafiyarka ta gaba zuwa Surat sarin yadi, za ka ratse Igatpuri, 'yar tafiya daga Mumbai, ka shiga zaman kwana goma na Vipassana. Na san abin da ya ja ka: ka ji wanda ya kafa wurin ɗan kasuwa ne. Gaskiya ne. S. N. Goenka attajiri ne ɗan asalin Indiya da aka haifa a 1924 a Bama, ba ta Barno ba, waccan da kakanninmu sojoji suka je yaƙi. Ciwon ɓarin kai ya addabe shi, ya zaga likitocin ƙasashe bai dace ba, ya je wurin U Ba Khin, babban akawun gwamnatin ƙasar wanda ke koyar da zama. Ka san me malamin ya ce masa? In don ciwon kai kawai ka zo, ba zan karɓe ka ba. Sai da ya gyara niyya. Ya koma Indiya a 1969, ya buɗe cibiyar Igatpuri a 1976, ya rasu a 2013 ya bar rassa a ƙasashe da dama. Na san kuma abu na biyu da ya ja ka: ba a biyan ko sisi, ci da kwana duk daga sadakar waɗanda suka riga ka ne. Bakano ya ji kyauta.

Amma ka karanta takardar sharuɗɗan kuwa, ko hoton wurin kawai ka gani? Ƙarfe huɗu na asuba ake buga ƙararrawa. Kusan awa goma ake yi a zaune kullum. A ƙofa ake karɓe waya da littafi da biro. Ba magana, ba ishara, ba haɗa ido da na kusa da kai, sai dai tambaya ga malami. Kwana uku na farko ba abin da za ka yi sai lura da iskar da ke shiga tana fita a bakin hanci. Daga rana ta huɗu a fara bin jiki, a kuma shigo da zaman awa guda sau uku a rana wanda ake so kada ka motsa hannu ko ƙafa, ko gwiwa za ta tsage. Abinci ba nama, na ƙarshe mai nauyi kafin azahar, da yamma sabon shiga ya samu shayi da 'ya'yan itace. Za ka ɗauki alkawarin ba kisa, ko na sauro, ba sata, ba maye, ba ƙarya. Ta ƙarshen za ta zo maka da sauƙi a karon farko a rayuwarka, tunda an riga an rufe bakin.

Za ka ce ai a 1994 fursunoni kusan dubu sun yi shi a kurkukun Tihar na Delhi, lokacin da Kiran Bedi ke riƙe da gidan. Sun yi. Su ba su da jirgin komawa Kano a aljihu. Ni wanda ya fi kama da kai a tarihin abin nan shi ne Ringo Starr, mai gangar mawaƙan Beatles, da suka je Rishikesh a 1968 wurin Maharishi Mahesh Yogi. Ya tafi da akwati guda cike da waken gwangwani don tsoron abincin wurin, ya yi kwana goma ko kusa da haka ya tattara ya koma Ingila. Kai na san kilishi za ka cusa a cikin safa. Kuma zaman dogon zango ba wasan yara ba ne. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown da abokan aikinta sun zanta da masu zama 60, suka wallafa a 2017, ga masu firgita, ga waɗanda barci ya ƙaurace wa, ga waɗanda suka riƙa jin jikinsu ba nasu ba ne, wasu na tsawon watanni. Shi ya sa takardar shiga take tambayar lafiyarka dalla-dalla, kuma a nan ba a ragi.

Akwai sharaɗi ɗaya da na ajiye maka a ƙarshe, don na tabbata ba ka kai shafin ba. Takardar ta ce a tsawon kwanakin a dakatar da kowace irin addu'a da ibada da azumi da jan carbi, wai don a ba dabarar dama ita kaɗai. Su a wurinsu tsari ne. Kai da goshinka ya yi baƙi, sai ka gaya mini yadda za ka yi da salla hamsin. Ni ba malami ba ne, ka je ka tambayi naka kafin ka yanki tikiti, amma ka tafi da hular da ba ka so, don zai iya jifan ka da buta.

Abin dariyar ma, kwana goman keɓewa kana da shi a gida duk shekara, kuma mun ga yadda ka yi da shi. Shekarar da ka shiga itikafi ka tafi da waya biyu da abin caji. Daren ashirin da huɗu aka same ka a sahun baya kana nuna wa wani hoton shaddar Sallah, kana rantsuwa da raɗa. Ban ce wannan da wancan abu ɗaya ba ne, don ba domin jini ya sauka ake zikiri ba, kuma mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, da ya shekara arba'in bai rasa wazifa ba, bai taɓa duba agogo ya ga ko ta yi aiki ba. Amma in kallon zuciya kake so da yaren da za ka gane, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya a kan muraƙaba da muhasaba, kuma da ɗan kasuwa ya buga misali: ka kafa wa ranka sharaɗi da safe yadda ake kafa wa abokin jari, ka sa masa ido da rana, da dare ku zauna lissafi. Littafin yana kantarka ta falo, bayan tasar tagulla, da ledarsa.

Na san amsar da za ka turo. Za ka ce wa zai ɗauki shawara daga mutanen da ke cewa mace ya zo. Na ji, mun saba. Amma ga ciniki, tunda shi kaɗai kake ji. Kafin ka je Indiya ka zo Zariya ranar Asabar. Zan shimfiɗa maka tabarma a zaure, wayoyinka a aljihuna, awa ɗaya cur ba magana. In ka cika, rago a kaina, kuma zan ce Kano ta fi Zariya a gaban shaidu biyu. In ka kasa, turmin shadda, mai kyau, ba irin wadda kake ba surukai ba. Ka taho da kwalin maganin, zan ƙirga ƙwayoyin da kaina, in an ɓalle su rana ɗaya don a rufe mini baki Hajiya za ta faɗa mini. Tari da atishawa ba sa cikin lissafi. Sai dai ka sani, a minti na arba'in zan taya agogon nan naka naira dubu biyu, in ga ta inda “albarka” za ta fita.